LibreELEC da matsalolin girka shi a ƙaramar kwamfuta

LibreELEC wani ƙaramin tsarin aiki ne na kwamfuta da aka gina a kan Linux domin aiki guda ɗaya tak, wato tafiyar da manhajar Kodi, wadda ake kallon fina-finai da sauraron sauti da duba hotuna da ita a talabijin. Kyauta ake sauke shi daga intanet. An fi girka shi a ƙananan kwamfutoci irin su Raspberry Pi, da akwatunan talabijin masu Android, da ƙananan kwamfutocin ofis masu ƙwaƙwalwar Intel ko AMD. Idan girkawar ta yi kyau, da zarar an kunna na'urar sai ta tashi kai tsaye zuwa allon Kodi, a riƙa sarrafa ta da rimot ba sai an nemi kibod ba.

Aikin girkawar bai wuce na 'yan mintoci ba, amma sau da yawa na'urar takan ƙi tashi, ko ta tashi babu hoto, ko ta riƙa mutuwa tana sake kunna kanta. Galibin waɗannan matsaloli daga abubuwan da ke kewaye da manhajar suke fitowa: caja da wayarta, katin mimori, wayar talabijin, zafi da ƙura, da kuma sauke fayil ɗin da bai dace da na'urar ba. A yankunan karkara irin su Gaya da Ajingi a gabashin Jihar Kano, inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuma kasuwar kayan gyara tana nesa, sanin inda matsala take kafin a sayi wani abu shi ne bambancin gyara da asara.

Tarihi

Asalin Kodi wata manhaja ce da masu sa-kai suka fara rubutawa a shekarar 2002 domin na'urar wasa ta Xbox ta kamfanin Microsoft. Daga baya aka san ta da suna XBMC, aka kuma faɗaɗa ta zuwa Windows da Linux da Android da sauransu. A shekarar 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi, lokacin fitowar siga ta 14.

A shekarar 2009 aka fara aikin OpenELEC, wanda manufarsa ita ce a cire duk abin da ba a buƙata daga Linux, a bar iya abin da XBMC za ta yi aiki da shi. A watan Maris na 2016 yawancin masu aikin suka ware bayan saɓani a kan tafiyar da shi, suka kafa LibreELEC. A shekarar 2018 kuma wasu suka sake warewa daga LibreELEC suka kafa CoreELEC, wanda ya mayar da hankali ga akwatuna masu ƙwaƙwalwar Amlogic kaɗai. Akwai kuma OSMC na Sam Nazarko, wanda ya gaji Raspbmc, kuma an gina shi a kan Debian. Shi OSMC cikakken tsari ne da ake iya ƙara masa wasu manhajoji, saɓanin LibreELEC wanda jikinsa a kulle yake.

Kowace babbar siga ta LibreELEC tana tafiya da sigar Kodi guda ɗaya. LibreELEC 9 na ɗauke da Kodi 18 ta shekarar 2019, LibreELEC 10 na ɗauke da Kodi 19 ta 2021, LibreELEC 11 na ɗauke da Kodi 20 ta 2023, sai LibreELEC 12 mai ɗauke da Kodi 21 ta 2024.

Na'urorin da ake girka shi a kai

Raspberry Pi kwamfuta ce da girmanta bai wuce katin banki ba. Wata gidauniya da ke Kambirij a Ingila, wadda Eben Upton yana cikin waɗanda suka kafa ta, ita ta fito da ita a watan Fabrairun 2012 domin koyar da ɗalibai ilimin kwamfuta. Pi 2 ta fito a 2015, Pi 3 a 2016, Pi 4 a 2019, Pi 5 kuma a 2023. Ba ta zuwa da ma'ajiya a cikinta, don haka daga ɗan ƙaramin katin mimori irin na wayar hannu take tashi.

Rukuni na biyu shi ne akwatunan talabijin masu Android, irin waɗanda ake sayarwa da sunaye kamar MXQ da X96 da H96. Sun fi Raspberry Pi araha da sauƙin samu a kasuwannin Najeriya, kuma suna zuwa da rimot da caja. Ƙwaƙwalwarsu takan kasance ta Amlogic ko Rockchip ko Allwinner.

Rukuni na uku shi ne ƙananan kwamfutocin tebur, irin su Intel NUC da ƙananan samfuran Dell da HP da Lenovo waɗanda ake shigowa da su na hannu. Waɗannan sun fi ƙarfi, sun kuma fi cin wuta.

Yanayin Gaya da Ajingi

Gaya da Ajingi ƙananan hukumomi ne maƙwabtan juna kusa da iyakar Kano da Jigawa, kuma tare da Albasu suke mazaɓa ɗaya a majalisar wakilai ta tarayya. Yankin yana ƙarƙashin kamfanin KEDCO, mai raba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa tun shekarar 2013. Kamar sauran karkarar arewacin Najeriya, shaguna da gidajen kallo da wuraren cajin waya sun dogara ne da ƙananan janareto, da kuma sola da batir, musamman bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 wanda ya sa kuɗin tayar da inji ya ninka.

Wannan ne ya sa ƙaramar na'ura irin Raspberry Pi take da amfani a irin wannan wuri. Wutar da take ci tana nuna fim ba ta kai wat 10 ba, kuma ba ta buƙatar intanet idan fina-finan ko darussan suna cikin filash ko hadis. Mai gidan kallo zai iya jera fina-finan Kannywood da na Indiya a wuri ɗaya, malamin makaranta zai iya nuna wa aji darasi na bidiyo, mai gida kuma ya ajiye karatun tafsiri da wa'azi.

Sai dai yanayin da ya sa take da amfani shi ne kuma yake jawo mata matsala. Wutar ƙaramin janareto takan hau ta sauka. Zafin watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyos. Hunturu yana zuwa da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu. Kayan gyara na ainihi kuwa sai an bi ta Wudil an shiga birnin Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut ko Sabon Gari. Wanda ya ɗauka na'urarsa ce ta ƙone alhali wayar caja ce ta gaza, zai yi asarar kuɗin mota da yini guda da kuɗin sabuwar na'urar da bai buƙata ba.

Yadda ake girkawa

Ana sauke fayil ɗin tsarin daga shafin LibreELEC. Sunansa yana ƙarewa da img.gz, girmansa kuma bai kai megabayit 300 ba. Daga nan sai a rubuta shi a kan katin mimori da wata manhaja ta musamman, kamar LibreELEC USB-SD Creator ko Raspberry Pi Imager ko balenaEtcher. Katin gigabayit 8 ya wadatar. Rubutawar tana goge duk abin da ke cikin katin.

Bayan rubutawa katin yakan kasu gida biyu. Kashi na farko, mai suna LIBREELEC, shi ke ɗauke da fayilolin tashi da jikin tsarin. Kashi na biyu, mai suna STORAGE, nan ake ajiye saituna da duk abin da mai amfani ya ƙara. A tashin farko na'urar takan faɗaɗa kashi na biyu ya cinye sauran filin katin, sannan ta sake kunna kanta sau ɗaya. Wannan ba matsala ba ce, kuma cire wuta a daidai lokacin yana iya ɓata katin.

Tashin na'urar mataki-mataki ne: wuta ta shiga, ƙwaƙwalwa ta nemi fayilolin tashi a kati, a ɗora zuciyar Linux, a buɗe kashin ajiya, sannan Kodi ta bayyana. Duk matakin da abin ya tsaya a kai yana nuna wurin da za a fara bincike.

Matsalar wutar lantarki

Raspberry Pi tana aiki da bolt 5, amma tana buƙatar cajar da za ta riƙe wannan ƙarfin ko da aiki ya yi nauyi. Cajar da masu ƙera ta suka tanada tana ba da bolt 5.1, da amfiya 2.5 ga Pi 3, amfiya 3 ga Pi 4, amfiya 5 ga Pi 5. Idan ƙarfin ya sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63 na'urar takan rage gudunta ta rubuta gargaɗi a rahotonta. A tsofaffin sigogin LibreELEC alamar walƙiya takan fito a kusurwar allo. A yawancin samfuran kafin Pi 5 jar fitilar da ke jikin na'urar takan riƙa ƙiftawa ko ta mutu.

Cajar wayar hannu takan iya kunna na'urar amma ta kasa riƙe ta, shi ya sa alamomin suke ruɗa mutane: na'ura ta tashi har ta nuna tambari sannan ta koma farko, ko ta yi aiki lafiya sai an fara fim ta mutu, ko Wi-Fi ya riƙa yankewa. Ita kanta wayar cajar tana da tasiri. Siririyar waya mai tsawo wadda turjiyarta ta kai kwatan om ɗaya za ta cinye rabin bolt idan amfiya 2 na bi ta cikinta, wato bolt 5 ya koma 4.5 kafin ya iso. Gajeriyar waya mai kauri takan magance abin da sauya caja bai magance ba. Rukunin farko na Pi 4 kuma yana da wata tangarɗa a ramin USB-C wadda ta sa wasu wayoyi masu tsada na kwamfutar tafi-da-gidanka ba sa ba ta wuta, an kuwa gyara wannan a rukunan da suka biyo baya.

Hadis na waje da ake jonawa ta USB yana jan wuta sosai lokacin da zai fara juyawa. Ramukan USB na Pi 3 da Pi 4 gaba ɗaya amfiya 1.2 suke iya bayarwa. Idan hadis yana ƙas-ƙas bai bayyana ba, ana buƙatar mahaɗar USB mai cajarta daban.

Ga masu sola, ba a jona na'urar kai tsaye da batir mai bolt 12. Ana sa ƙaramin maragin wuta mai mayar da 12 zuwa 5.1, wanda ya fi inbata tanadin batir. Akwatunan Android suna da nasu haɗarin: yawancinsu bolt 5 suke ci, amma bakin cajarsu iri ɗaya ne da na wasu dikodoji masu bolt 12, kuma musanya su sau ɗaya ya isa ya ƙona akwatin. Inda janareto ake amfani da shi, ana cire na'urar kafin a tayar da inji ko a kashe shi, ko a sa ta a bayan ƙaramin batirin riƙon wuta.

Matsalar katin mimori

Kuskuren da sababbin masu girkawa suka fi yi shi ne kwafar fayil ɗin img.gz zuwa cikin kati kamar yadda ake tura waƙa ko fim. Na'urar ba za ta tashi da irin wannan katin ba, dole sai an rubuta shi da ɗaya daga cikin manhajojin da aka ambata. Kuskure na biyu yana faruwa bayan rubutawa: Windows ba ta iya karanta kashin STORAGE, don haka takan nemi a yi masa fomatin. Amincewa da wannan yana ɓata girkawar.

Katunan jabu matsala ce da ta game duniya. Akan sauya wa ƙaramin kati lissafinsa ya riƙa nuna gigabayit 64 ko 128 alhali ainihin cikinsa kaɗan ne. Irin wannan katin yakan karɓi rubutun farko lafiya, sai a wajen faɗaɗa kashin ajiya ko bayan an tara fayiloli komai ya lalace. Manhajar H2testw a Windows da F3 a Linux suna cika katin da bayanai su sake karantawa, su bayyana girmansa na gaskiya. Gwajin yana ɗaukar lokaci, amma ya fi a yi shi tun kafin a bar garin da aka sayi katin.

Kati mai kyau ma yakan lalace idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu a kansa. LibreELEC ya fi sauran tsare-tsare jure wannan domin jikinsa karantawa kawai ake yi, amma kashin ajiya bai tsira ba. Idan allo ya nuna saƙon Turanci mai ɗauke da kalmar mount_flash ko mount_storage, ma'anarsa an kasa buɗe ɗaya daga cikin kashin biyu, kuma maganin shi ne a sake rubuta katin ko a sauya shi.

Koriyar fitilar Raspberry Pi tana ba da labari ta hanyar ƙiftawa. Ƙiftawa barkatai na nufin ana karanta kati yadda ya kamata. Ƙiftawa huɗu da ake maimaitawa na nuni ga matsala a fayil ɗin tashi mai suna start.elf, bakwai na nufin ba a ga zuciyar tsarin ba, takwas kuma matsala ce a ma'adanar wucin gadi ta na'urar kanta. Pi 4 da Pi 5 suna da ƙaramar manhajar tashi a jikinsu. Idan aka kunna su babu kati sukan nuna allon bayani a talabijin, abin da ke tabbatar da cewa na'urar da wayar hoto lafiya suke. Idan wannan manhajar ta lalace, Raspberry Pi Imager tana da fayil na musamman da ake rubutawa a kati domin dawo da ita.

Fayil ɗin da bai dace ba

Kowane rukunin na'ura da nasa fayil. Na Pi 2 shi ne kuma na Pi 3, amma Pi 4 da Pi 5 kowacce da nata. Daga LibreELEC 10 aka daina fitar da na Pi 1 da Pi Zero na farko. A tsofaffin samfura, tsayawa a kan allo mai launuka kamar bakan gizo yakan nuna cewa an karanta fayilolin farko amma zuciyar tsarin ta ƙi tashi, sau da yawa saboda fayil ɗin na wata na'ura ne.

Inda sabis ba shi da ƙarfi, saukewa takan yanke a tsakiya fayil ya zo a gutsure. Akwai wata doguwar lamba da ake kira SHA256 wadda ake lissafawa daga fayil. Idan ta wanda aka sauke ta yi daidai da wadda masu tsarin suka wallafa, fayil ɗin cikakke ne. Fayil guda mai kyau kuma ana iya rubuta katuna da yawa da shi ba tare da an sake kashe data ba.

Sabuntawa daga babbar siga zuwa wata ma takan kawo cikas. Kodi 19 ta koma amfani da Python 3, wanda ya sa ƙananan manhajojin ƙari da aka rubuta da Python 2 suka daina aiki. Don haka daga LibreELEC 9 zuwa 10 sabuwar girkawa ta fi sabuntawa tsafta.

Rashin hoto ko sauti

Pi 4 da Pi 5 suna da ƙananan ramukan HDMI guda biyu, kuma na kusa da ramin wuta shi ne na farko. Na'urar tana tambayar talabijin irin hoton da yake iya nunawa a daidai lokacin tashi. Idan wuta ta dawo su biyun suka kunnu tare, na'urar takan riga talabijin shiryawa, ba ta sami amsa ba, allo ya zauna baƙi. Kunna talabijin tukuna yana warware wannan. Mafita ta dindindin ita ce umarnin getedid create, wanda ke adana bayanin talabijin a kati. Daga LibreELEC 10 tsofaffin saitunan hoto da ake rubutawa a fayil ɗin config.txt sun daina aiki a Raspberry Pi, an koma rubuta girman hoto a cmdline.txt, abin da ya sa tsofaffin bayanan gyara da yawa ba su da amfani yanzu.

Tsohon talabijin mai ƙeya ba shi da HDMI. Pi 3 tana iya ba shi hoto ta ramin da ya yi kama da na abin sauraro, da waya mai kai uku, sai dai jerin wayoyin ciki ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. Najeriya tsarin PAL take bi, na'urar kuwa da NTSC na Amurka take zuwa, kuma rashin sauya wannan kan sa hoto ya fito fari da baƙi ko ya riƙa birgima. Pi 5 ba ta da wannan ramin, sai dai a sayi ɗan akwatin da ke mayar da HDMI zuwa AV.

Idan hoto ya fito babu sauti, a saitunan Kodi ake zaɓar mafitar sauti. Akwai kuma zaɓin miƙa sautin Dolby da DTS kai tsaye ga na'urar waje, wanda idan talabijin bai iya fassara su ba sai a ji shiru ko ƙara.

Fim ya riƙa sarƙewa kuma yana da alaƙa da irin matsin da aka yi masa. Pi 3 tana da sashe na musamman mai buɗe H.264, amma ba ta da na H.265, wanda ake yawan matse fina-finai da shi domin rage girmansu. Pi 4 tana buɗe duka biyun. Filash mai tsarin FAT32 kuma ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabayit 4, sai a mayar da shi exFAT ko NTFS.

Zafi da ƙura

Idan ƙwaƙwalwar Raspberry Pi ta kai digiri 80 takan fara rage gudu, a 85 kuma ta ƙara ragewa domin kare kanta. A ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu, na'urar da aka rufe cikin kwanson roba aka ɗora a bayan talabijin takan kai wannan matakin cikin ɗan lokaci. Alamarsa ita ce fim ya fara lafiya, bayan wani lokaci ya riƙa tsaitsayawa. Kwanson alminiyom mai shan zafi ya fi ƙaramar fanka dacewa da ƙasar Hausa, domin fanka tana zuƙo ƙurar hunturu, kuma takan tsaya idan ƙurar ta taru. Ƙura tana shiga ramin kati da na HDMI ta hana su haɗuwa sosai. Ana kashe na'urar a goge su da busasshen buroshi mai laushi.

Intanet da agogo

Pi 3 ta farko tana ganin Wi-Fi mai zangon 2.4 ne kawai, don haka idan wayar da ake raba mata data tana kan zangon 5 ba za ta gan ta ba. Ana kuma zaɓar Najeriya a saitin ƙasa na Wi-Fi.

Samfuran da suka gabaci Pi 5 ba su da agogo mai batir, daga intanet suke samun lokaci a duk tashi. Idan babu intanet kwanan watan yakan zama ba daidai ba, kuma shafuka masu tsaro sukan ƙi amsa na'urar da agogonta ya kauce, sai girka manhajojin ƙari ya gagara. Kallon abin da ke cikin filash bai shafi agogo ba.

Akwatunan Android da kwamfutocin Intel

Babbar wahalar akwatunan Android ita ce sunan da ke jikin kwali ba ya tabbatar da abin da ke ciki. Akwatuna biyu masu suna ɗaya suna iya zama ɗaya Amlogic, ɗaya Rockchip. Ana gane gaskiya da manhajar duba na'ura a cikin Android, ko a buɗe akwatin a karanta rubutun da ke kan ƙwaƙwalwar. A CoreELEC, bayan rubuta kati ana shiga foldar device_trees a zaɓi fayil ɗin da ya dace da ƙwaƙwalwar da girman ma'adanarta, a kwafe shi zuwa farkon katin da sunan dtb.img. Zaɓar wanda bai dace ba yakan bar akwatin a tsaye kan tambari, ko ya tashi babu intanet. Domin akwatin ya tashi daga kati a karon farko, ana danne wani ɓoyayyen maɓalli da ke cikin ramin AV da tsinken sakace, a jona wuta ana riƙe da shi. Muddin daga kati ake tashi, Android na ciki yana nan, cire katin kawai zai dawo da shi.

A kwamfutocin Intel da AMD ana rubuta fayil mai suna Generic a filash. Idan kwamfutar ta ƙi tashi daga filash, ana kashe Secure Boot a saitunan BIOS, sannan a kira jerin zaɓin tashi da F10 a NUC, F12 a Dell da Lenovo, F9 a HP. Mai girkawar yana goge faifan da aka zaɓa baki ɗaya, har da Windows da fayilolin da ke ciki. Akwai zaɓin gwada tsarin daga filash ba tare da an taɓa faifan ba.

Tsarin bin sawun matsala

Ƙa'idar masu gyara ita ce a sauya abu ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma fara da mafi arha. Ana cire duk abin da aka jona sai wuta da kati da HDMI. Ana duba fitilu. Ana gwada wata waya, sannan wata caja, sannan wani kati da aka sake rubutawa, sannan wani talabijin. Sai duk waɗannan sun gaza ake zargin na'urar kanta.

Idan tsarin yana tashi, ana iya shiga cikinsa daga wata kwamfuta ta hanyar SSH. Umarnin vcgencmd measure_temp yana nuna zafi, vcgencmd get_throttled kuma yana ba da 0x0 idan wuta ba ta taɓa gazawa ba tun da aka kunna. Rahoton Kodi yana cikin fayil ɗin kodi.log. Idan Kodi ta yi ta faɗuwa a jere, LibreELEC yakan tashi a yanayin kariya da saituna na asali domin a samu damar cire abin da ya jawo faɗuwar. Kalmar sirri ta SSH da tsarin ke zuwa da ita sananniya ce ga kowa, shi ya sa ake sauya ta ko a kashe SSH bayan gyara.

Doka da haƙƙin mallaka

LibreELEC da Kodi halastattun manhajoji ne, kuma ba sa zuwa da fim ko tasha ko ɗaya. Wasu 'yan kasuwa sukan cika akwatuna da manhajojin ƙari masu satar tashoshin ƙwallo da fina-finai. A watan Afrilun 2017 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a shari'ar Filmspeler cewa sayar da irin waɗannan akwatuna keta haƙƙin mallaka ne. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta shafi ayyukan da ake yaɗawa ta intanet. A Jihar Kano kuma Hukumar Tace Fina-finai, wadda aka kafa a 2001, ita ke sa ido a kan fina-finan da ake nuna wa jama'a da wuraren nuna su. Baya ga doka, irin waɗannan manhajojin ƙari suna cikin abubuwan da suka fi sa Kodi faɗuwa, kuma masu kula da LibreELEC da Kodi ba sa ba da taimakon gyara ga na'urar da aka same su a cikinta.

Duba kuma

Kodi
Raspberry Pi
Linux
Gaya
Ajingi
Kannywood